Jan fentin da na kankare

Ba zan taɓa mantawa da bikin Balki ba, ko na so in manta ma matan Dungas ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga taron suna ko na aure sai na ga wata ta dafe ƙugu tana gyara ɗaurin zane, tana kallona ta wutsiyar ido. Na san abin da take nufi sarai. Ban ce Allah ya isa ba tukuna, amma na sha kusa faɗa.

Ni tela ce, kuma ba ta wasa ba (wannan ko wadda ba ta ƙaunata ta sani). A Magarya na koyi ɗinki, na fito da takardata. Abin da ya hana ni gaba shi ne wurin zama. Kekena a tsakar gida yake, ƙarƙashin bishiyar bedi, tsakanin randa da turken awaki. Iska ta taso in kwashe kaya, hadari ya haɗu in kwashe kaya, akuya ta taɓa tauna mini hannun rigar mutane har gwiwa. Wa zai kawo shadda mai tsada irin wannan wuri?

To, yayar mijina, Hajiya Mariya, tana da wani ɗan shago a jikin katangar gidanta, ƙofarsa na kallon hanyar kasuwa. Mu biyu muke nemansa, ni da wani mutum mai cajin salula. Na yi zarya gidan Hajiya har takalmina ya san hanya. Da aka sa ranar auren 'yarta Balki, sai ta kira ni ta ce, "Maman Nana, ke za ki ɗinka mana anko. In kika fid da ni kunya gaban dangin ango, mutanen Dogo-Dogo, shago naki ne. A filin biki zan miƙa miki makulli, kowa na gani."

Da na yi ɗinkin da na saba, da yanzu ina cikin shago ina shan iska. Amma ina! Ni ai sai na nuna wa duniya na fi kowa kai.

Na daɗe ina lura da yadda mata ke wahala wurin rawa: a taka sau biyu, a tsaya a gyara zane. Ran nan ina buɗe jakar hannuna, na ji maɓallinta ya ce ƙas ya rufe da kansa, sai dabara ta faɗo mini. Me zai hana a yi zanen da zai ɗaure kansa? Na aika Magarya wurin wani mai kayan teloli, ya aiko mini da maganaɗisu, 'yan fala-fala masu sheƙi kamar kwabban dala, sun manne da juna sun yi sanda guda. Na gwada a zanena: na sa ɗaya a wannan baki, na kara ɗan'uwansa ta ɗaya bakin har suka kama juna, sannan na zagaye su da ɗinki. Na sa shi na je suna a Dancawo, na yi rawa har gumi, zane ko gezau. Hajiya ta gani da idonta ta ce haka take so a yi wa kowa. Ranar nan ƙafata ba ta taka ƙasa ba.

Yanzu sai in kawo muku mijina. Malamin kolej ne, kimiyyar fisik yake koyarwa, kowa Mushe yake ce masa (malam ke nan da Faransanci), har ni. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba, amma yana da wani hali mai ƙona rai: ba a yin komai a gabansa bai mai da shi darasi ba. Ki ɗora tukunya ya gaya miki dalilin da ya sa ruwa ke tafasa. Ki shanya wanki ya gaya miki inda ruwan ke tafiya. Kuma ba ya fara magana daga inda take, sai ya ɗauko ta tun daga kakanninta, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa, kamar ni ma 'yar aji ce mai zama a benci na baya. Shekara da shekaru ina haƙuri (shi zai ce ba na yi, ƙarya yake).

Ana cikin satin biki, atamfa ta cika mini ɗaki, kaina ya yi zafi, na nemi sandar maganaɗisuna na rasa. Na birkice gida, na daki 'yata Nana a banza, na zargi maƙwabciya a zuci. Sai ga Mushe ya dawo daga lekol, wato makaranta, da azahar, yana murmushi, ya zaro gwangwanin madara daga jakarsa. Wai ya ara ne ya nuna wa ɗalibai. Ara! Ba tambaya ba sallama. Na buɗe gwangwani, sai na ga abin da ya ƙarasa ni: kowane ɗaya an ɗiga masa jan fenti a fuska guda. Ragowar fentin ƙofarmu ne, na gane shi.

"Mushe, mene ne wannan?"

Ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa. "Yawwa. Kin ga, shi maganaɗisu, tun can asali, mutanen da suka fara gano shi..."

"Ban tambaye ka asalinsa ba! Wa ya ce ka shafa wa kayana fenti? Atamfar nan farar ƙasa gare ta, in ja ya fito a zanen Yaya Hajiya kai za ka amsa?"

"Ai abin da nake so in nuna miki ke nan. Kowane ɗaya yana da fuska biyu, to ita fuskar..."

"Ni ma fuska biyu gare ni, kuma yau marar kyan za ka gani. Nan ba aji ba ne. Ka tafi ka koya wa masu son koyo."

Ya buɗe baki, na tayar da keke da ƙarfi don kar in ji. Ya tsaya, ya tsaya, ya girgiza kai ya shige ɗaki. Da la'asar ya sake leƙowa ya ce, "Maman Nana, magana ɗaya tak." Na ce ya riƙe ta, in an gama biki ya ba ni.

Ku ji abin da mai hankali ta yi. Na ajiye ɗinkin da ke jirana, na samu reza da tsumma da kananzir, na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kankare fentin nan, ina ƙunƙuni, ina tsine wa fisik da wanda ya ƙirƙiro ta. Har yatsa na yanka. Da na gama suka koma fes, suna sheƙi, ba ka bambanta gaba da baya. Na dube su na ji daɗi a raina, wai na gyara ɓarna.

Sannan na shiga aiki gadan-gadan. Zannuwa sun kusa ashirin, ba lokacin bin kowane maganaɗisu ana kara shi da ɗan'uwansa kamar yadda na yi wa nawa. Sai na yi wayo: na ɗinka 'yan aljihuna uku-uku a kowane bakin zane, na bi na dama duka na jefa na rufe, na dawo na bi na hagu. Ban ƙi gwadawa ba, kar ku ce mini sakarya gaba ɗaya. Na riƙa kara almakashi a kowane aljihu, ya kama ƙam, in ce madalla. Na kara ta nan ya kama, na juya ta can ya kama, na ce to ina fuska biyun da ake cika mini kunne da ita? In na haɗa bakin zane kuma na ji ƙas ko sau ɗaya ne, sai in ninke in ɗauki na gaba. Kuma da yake ba a bukatar soke zane a ƙugu, sai na rage musu faɗi, na bar daidai inda baki zai hau kan baki. Na Hajiya, saboda girmamawa (da kuma girman jiki, Allah ya ba ta), aljihu biyar-biyar na yi masa.

Ranar yinin biki da safe na je na ɗaura wa Hajiya da hannuna. Ta ɗan motsa, ta shafa ƙugu ta ce, "Maman Nana, anya? Ni fa ji nake kamar sama ne kawai ya kama, nan ƙasa kamar yana..."

"Haka yake, Yaya, rashin sabo ne."

"Ko in ɗan sa igiya ta ciki, don..."

"Haba Yaya! Igiya kuma? Ai an wuce wannan zamanin. Ki saki jikinki kawai."

Na ga ta ɗauki makullin shago ta rataya a zoben makullanta, ta soke a ƙugun fatari. Zuciyata ta yi fari tas.

Bayan la'asar fili ya cika. An kafa rumfar bash a ƙofar gida, an jera kujerun ƙarfe, lasifikar sono na ta ruri. Dangin ango sun zo daga Dogo-Dogo, wasu a kabu-kabu wasu a mota, an ba su gefe guda sun zauna suna ƙare wa kowa kallo, kamar yadda dangin ango suka saba. 'Yan anko muka fito reras. Wallahi mun yi kyau, wannan ba zan fasa faɗa ba. Maroƙiya ta karɓi makiro tana ta zuba: "Ina matar Mushe? Ina mai hannun zinariya? Zane ba ɗauri, zane ba igiya, sai a Dungas!" Ni kuwa ina ta sunkuyar da kai irin na kunyar ƙarya.

Alamu sun fara tun da wuri, ni ce ban karanta ba. Wata ƙawar amarya ta miƙe daga kujera, bakin zanenta ya ce shi kujera yake so, ya zauna. Ta yi wuf ta cafke. Wasu biyu suna rawa ƙugu da ƙugu suka manne, sai da suka ja da ƙarfi. Aka yi ta shewa ana tafi, an ɗauka cikin gwaninta ne. Na lura 'yan anko da yawa suna rawa da hannu ɗaya a ƙugu, na ce a raina ƙauyanci ne, ba su yarda da ci gaba ba.

Sai aka kira uwar amarya.

Hajiya ta shigo fili a hankali, ana guɗa, ana mata liƙi. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta juya, ta ɗan rausaya. Maroƙiya ta ce, "Matar Mushe ta matso kusa, Hajiya na da magana!" Na taso ina gyara mayafi, na riga na shirya fuskar da zan yi in an miƙo makulli. Saura taku kaɗan tsakaninmu mai kiɗa ya canja salo, Hajiya ta buga ƙafa ta girgiza ƙugu sau ɗaya.

Zane ya sauka gaba ɗaya, ya zube a ƙafafunta. Ga Hajiya Mariya, mai faɗa a ji a unguwa, tsaye a tsakiyar fili hannu a sama, daga ita sai riga da wani tsohon fatari da ya sha wanki har ba a gane launinsa, gaban surukai.

Wata ta ce, "Innalillahi!" Wata daga ɓangaren Dogo-Dogo ta tuntsire, ta toshe baki da mayafi. Mai sono, Allah ya saka mini, maimakon ya ƙara kiɗa sai ya kashe.

Na durƙusa da gudu na ɗago zanen na zagaya mata. Na haɗa baki da baki. Ya ƙi. Jama'a, ban ce ya zame ba, ƙi ya yi. Ina kai wannan baki, wancan na kaucewa, ina ji a yatsuna kamar wani na tura ni. Na danna da ƙarfi, na saki, suka watse. Na sake, suka sake. Na nemi in soke shi irin na da, babu abin sokewa, ni da kaina na yanke. Duk wannan a idon mutane, ni a durƙushe ina kokawa da ƙugun yayar mijina, gumi na shiga mini ido. Garin haka zoben makullanta ya fice ya manne a bakin zanen, na ciro shi, na tsaya riƙe da shi kamar wawiya.

Hajiya ta dube ni daga sama. Ba ta ɗaga murya ba. "Ba ni makullaina."

Na ba ta. Wata ta yafa mata mayafi aka shige da ita gida.

Kuna cewa an gama? Ai sannan aka fara. Akwai wata gwaggonsu Mushe, tsohuwa mai kaifin baki, ita ta tsinci zanen. Ta kara bakin biyu, ta ga suna gudun juna, ta yar da shi tana salati. "Wannan ba banza ba! Na wasu ya kama, nata ya ƙi? Zane ya ƙi mai shi? An sa hannu! An ɗinke mata abu a ƙugu don a tozarta ta gaban baƙi!" Kafin magariba magana ta zaga gari: wai na yi wa Hajiya asiri don in mallake shago, abin ya juye. Ni! Ni da ko hayaƙin tazargade ba na so. Na koma gida ina huci, na tarar da Mushe zaune, ya buɗe baki, na ce in ya ce uffan sai na bar masa gidan.

Washegari aka tara mu a ɗakin Hajiya: ita, Gwaggo, ni, da Mushe da gwangwanin madararsa. Gwaggo ko gaisuwata ba ta amsa ba. Mushe ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa, kuma karo na farko a zaman aurenmu na ji ina addu'a Allah ya sa ya yi dogon bayani.

Bai yi dogo ba ma. Ya ɗauki guda biyu cikin ragowar maganaɗisun ya kusantar da su, suka yi tsalle suka manne, ƙas. Ya raba su, ya juya ɗaya, ya miƙa wa Gwaggo. "Gwaggo, haɗa mini su." Ta karɓa da bismilla, ta danna, suka zille. Ta cije leɓe ta sake dannawa, ɗaya ya kuɓuce ya wuntsila ya manne da ɗan'uwansa ta baya.

"Kin gani," in ji shi. "Kowane ɗaya fuska biyu gare shi, mu a lekol muna ce musu arewa da kudu. Arewa da kudu suna jan juna. Arewa da arewa, ko kudu da kudu, ture juna suke, ko wa ya riƙe su. Na Yaya, aljihun sama guda ɗaya ne kawai ya dace da ɗan'uwansa, sauran huɗun duk ture juna suke. Ba aljani, ba asiri."

"To ai na gwada da almakashi!" na ce. "Duka sun kama!"

"Almakashi ƙarfe ne kawai, kowace fuska kama shi take. Sai kin haɗa su su biyu za ki sani."

Gwaggo ta yi ta juya su a tafin hannu, har ta fara jin daɗin wasan. Na ji sanyi, na ce an wanke ni. Sai Hajiya ta juya kan ƙanenta. "Kai kuma Auta, ka san duk wannan, kuna kwana gida ɗaya, ka bari ta tsiraita ni? Karatun naka na 'ya'yan mutane ne kawai?"

Mushe ya sunkuyar da kai. Bawan Allah, rufa mini asiri zai yi. Da na yi shiru, da laifin ya rabu biyu, har wataƙila nasa ya fi yawa. Amma ganin ya yi wani kalar tausayi, shi ga mai haƙuri, sai raina ya tashi, bakina ya riga hankalina.

"Ai laifinsa ne, Yaya! Da ya buɗe baki ya yi magana kamar mutane, ya ce alamar fuska ce ya sa, ja ya kalli marar ja, da zan zauna in ɓata yini ina kankare fentin?"

Hajiya ta juyo ta dube ni.

"Wane fenti?" in ji Hajiya.

Babu wanda ya taimake ni. Da bakina na ba da labarin reza da kananzir, har yatsan da na yanka na nuna, ban san dalili ba. Gwaggo ta fara dariya, ta yi ta yi har da tari, tana dukan cinya tana cewa, "Wayyo cikina! Ashe ba muguwa ba ce, 'yar nan, taurin kai ne kawai!" Wai wannan shi ne wanke ni. Jiya ina mai asiri ana tsorona, yau na koma abin dariya, kuma wai in gode.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maman Nana, zanen da ya faɗi na yafe, tsautsayi ne. Amma da safe sau biyu na buɗe baki in gaya miki abin da nake ji a jikina, ba ki bar ni na rufe shi ba. Ni yayar mijinki ke nan. Wadda za ta shigo daga ƙauye da atamfarta ɗaya tak, ta ce miki nan ya matse ta, yaya za ki yi da ita? A jikin katangata kuma?"

Na ja mayafina na fito.

Mai cajin salula ne a shagon yanzu. Ya shafa masa shuɗin fenti, ya sa benci, samari na zama. Duk ranar kasuwa sai na wuce ta gabansa, kuma duk ranar sai raina ya ɓaci sabo fil. Zannuwan nan kuwa ɗaya bayan ɗaya aka dawo mini da su, na farke, na ƙara musu ƙyalle, na sa musu igiya, a ƙarƙashin bedi, akuya na kallona.

Ban zama salihar mace ba, kar ma ku sa rai. Har yanzu ina ganin mutum ya nemi izini kafin ya taɓa kayan mutane, kuma maganar da za a faɗa cikin numfashi ɗaya ba sai an fara ta daga zamanin kakanni ba. Abin da na canja ɗaya ne. In wani ya fara magana, Mushe ne ko mai kawo ɗinki, sai in tsayar da keke, in cije haƙora, in bar shi ya kai ƙarshe. Faɗan yana nan, ban fasa ba, sai dai yanzu ina fara jin ko a kan me zan yi shi.